Ina shan maganin ciwon damuwa, ga shi na samu ciki: in daina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Jidda, shekara biyu ke nan ina shan sertraline saboda ciwon damuwa. Yanzu cikina wata biyu, uwar mijina ta ce in zubar da ƙwayoyin, wai za su nakasa jariri. Kwana uku ban sha ba, jiri nake ji, barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raba lafiya. Jirin nan da rashin barcin mai yiwuwa daga yanke maganin farat ɗaya suka zo. Ki nemi likitan da ya rubuta miki shi yau ɗin nan, ko ki buga 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, kada ki jira ranar awo.

Tsoron Hajiya yana da tushe. Depakine, maganin farfaɗiya, kan nakasa kusan jariri 1 cikin 10 idan an sha shi da ciki, Seroxat kuma, wani maganin ciwon damuwa, ana kaffa-kaffa da shi a farkon ciki saboda zuciyar jariri. Amma sertraline na cikin waɗanda muka fi natsuwa da su, har lokacin shayarwa, don ɗan kaɗan ne ke shiga nono. Wasu jariran da uwarsu ke shan sa da ciki kan zo da yawan kuka, karkarwa ko ƙyuyar tsotso, yawanci ya wuce cikin kwanaki. Shi ya sa ki gaya wa likitan mata da ungozoma tun kafin naƙuda, su sa ido.

Abin da ake mancewa a gida shi ne ciwon kansa ba ya ƙyale ciki. Mace ta daina cin abinci, ta yi watsi da awo, a haihu bakwaini ko jariri maras nauyi, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi lokacin jego. Wani bincike a Amurka a 2006 ya gano kashi 68 cikin 100 na masu cikin da suka ajiye magani ciwon ya dawo musu, waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 26. Da a ce naki mai sauƙi ne, kin daɗe da warwarewa, ana iya rage maganin sannu a hankali, a haɗa da zaman tattaunawa da ƙwararre. Wannan hukuncin likitanki ne, shi ya san tarihinki.

Ki tafi da maigida, in Hajiya ta yarda ita ma ta bi ku ta ji da kunnenta. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.