Fatawa: Na yi mafarkin kishiyata tana ba ni nama, mai fassara zan bi ko ƙanena?

TAMBAYA daga wata baiwar Allah a Gusau: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Sau uku kenan ina mafarkin abokiyar zamana tana miƙo min nama a kwano ina ci, in na farka sai gabana yai ta faɗuwa. Gwaggona ta kai ni wajen wani mai fassara, ya buɗe wani ɗan littafi yace jifa ce kuma a cikin gida take, in daina cin girkinta. Yau sati biyu ranar girkinta sai dai in jiƙa gari. Shi kuma ƙanena mai karatun aikin jinya dariya yai min, wai mafarki shirme ne, kimiyya ta gama da shi. Dan Allah wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, ƙanenki yana da rabin gaskiya, shi kuwa mai littafin nan ba shi da ko ƙwaya ɗaya.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa mafarki iri uku ne, akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa sai ya biyo shi cikin barci. Na farkon shi Annabi (SAW) yace yanki ɗaya ne cikin yanki 46 na annabci, kuma ga Suratu Yusuf nan da taurari 11 da shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai suka cinye. Toh musulmi ba zai ce duk mafarki shirme ne ba. A nan ƙanenki ya zarce.

Amma in batun zancen zuci ne, wallahi abin da ya karanta gaskiya ne. A 1953 a Jami'ar Shikago ta Amurka, Aserinsky da malaminsa Kleitman suka lura akwai lokacin da idon mai barci ke ta kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, in aka tashe shi a daidai lokacin mafi yawanci zai ce mafarki yake, daga baya kuma aka gano abin yana zagayowa kusan duk minti 90 har gari ya waye. A 2000 kuma wani mai bincike, Stickgold, ya sa mutane suka daɗe suna buga wasan kwamfuta na Tetris, da barci ya fara ɗaukarsu sai ga tubalan wasan suna zubo musu. Mu nan ai ba sai an je Amurka ba, wanda ya wuni dashen shinkafa a Bakalori yana rufe ido shinkafar zai gani layi layi. Mai zazzaɓi ma ya san irin mafarkan da yake yi. Kuma kullum muna jin 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suna cewa cikin barci suna jin rugugin babura su zabura su yi waje, wannan ba fassara yake buƙata ba, firgici ne ya zauna a zuciya, addu'a yake so da likita.

Abin da kimiyya ba ta taɓa tabbatarwa ba shi ne a ce kowace alama tana da ma'ana guda ga kowa, maciji maƙiyi, kashi kuɗi, nama jifa. Wani likita Bature, Freud, ya fitar da littafi kan fassarar mafarki wajen 1900, na bayansa suka ce masa maganarka ba ta gwaduwa, ba yadda za a gane in ka yi kuskure. Ita kuma ru'uya ta gaskiya, wato mafarkin da ke zuwa daga Allah, gaibu ce, na'urar da ake liƙa wa mutum a kai tana auna motsin ƙwaƙwalwa ne, ba ta da bakin cewa daga ina saƙo ya zo, ba za ta tabbatar ba, ba za ta kore ba. Mu da wahayi muka san ta.

Yanzu ga mai littafi. Na san irin littafin, ana shimfiɗa shi a tabarma a bakin masallacin Juma'a tare da carbi da turare, an rubuta Ibn Sirin a bango. Muhammad bn Sirin babban tabi'i ne, ya rasu a Basra shekara ta 110 bayan hijira, amma malamai masu bincike da yawa ba su yarda shi ya rubuta littafin ba. Kuma abin da ake hakaitowa daga gare shi ma ya rushe sana'ar, mutum biyu suka zo kowanne yace ya ga yana kiran salla, yace wa ɗaya za ka yi hajji, ɗayan yace masa ɓarawo ne kai, saboda ya dubi halin kowannensu. Mafarki ɗaya, fassara biyu. Toh ta ina za a buɗe shafi a karanto miki? An tambayi Imam Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, yace da annabci ake wasa? Sayyidina Abubakar da kansa ya fassara wani mafarki a gaban Annabi (SAW), aka ce masa ka dace a wani sashe ka kuskure a wani. Abubakar fa! Ina ga mai karɓar kuɗin goro.

Ko da a ce mafarkin na gaskiya ne, ba a gina hukunci a kai. Mafarkin annabawa ne kaɗai wahayi. Kiran salla ma da Abdullahi bn Zaid ya gani a barci, bai zama shari'a ba sai da Annabi (SAW) ya tabbatar. Imam Shaɗibi a littafinsa Al-I'itisam ya kawo labarin halifa Mahdi da ya sa a kawo takobi zai kashe alƙali Sharik saboda wani mafarki da aka fassara masa, Sharik yace mafarkinka ba na Annabi Ibrahim ba ne, mai fassararka kuma ba Annabi Yusuf ba ne, da mafarkan ƙarya za ka sare wuyan muminai? Halifa ya ji kunya ya bar shi.

Ki kuma tambayi kanki tsakani da Allah, kafin mafarkin nan ba wani abu da ya haɗa ku? Ba wadda ta taɓa raɗa miki ki yi hankali da ita? Mun tashi muna jin cewa cin nama a mafarki aikin mayu ne, in zuciya ta kwana da zargi ga kuma wannan camfin a ajiye, ai ba ta rasa abin da za ta dafa miki. Ni abin da ya fi rinjaye a wajena zancen zuci ne, ko Shaiɗan ya samu ƙofa, dama raba gida shi ne aikin da ya fi so.

Hukunci: haramun ne ki tuhume ta da sihiri saboda mafarki, wannan shi ne zaton da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana. Ki koma cin girkinta ki yi bismilla, in maganar ta riga ta kai kunnenta ki nemi yafiyarta. Kar ki sake komawa wajen mutumin nan, duk mai cewa ya san wanda yai jifa ya shiga gonar bokaye, kuma a Sahihu Muslim wanda ya je wa irinsu ya tambaye su ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. In mafarkin ya dawo ki yi tofi ta hagu sau uku, ki nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da kika gani, ki juya kwanciya ko ki tashi ki yi nafila, kuma kar ki faɗa wa kowa, har Gwaggo. Ki riƙe Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kafin barci. In faɗuwar gaban ta ƙi barinki har ta hana ki barci, ki ce ƙanen naki ya raka ki asibiti.

Wallahu a'alam.