Zoɓo mai ƙanƙara na bazara: me ya sa yake zama dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zafi ya tsananta a nan Daura, ina so in riƙa yi wa yara zoɓo mai ƙanƙara, irin mai taushin nan da ake sha da cokali. Amma duk sanda na sa a firiza sai ya daskare kamar dutse, in kuma na markaɗa shi da ƙanƙara sai ya tsinke ya yi lami. Ina matsalar take?
Wata uwa, Daura

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Sukarin ne ya yi kaɗan. Shi ke hana ruwa daskarewa da ƙarfi, ga shi kuma sanyi na dakushe zaƙi a harshe. A lita ɗaya ta zoɓo mai kauri, wanda aka tafasa da citta da kanumfari, ki zuba sukari giram 150 tun yana da zafi. Kada ki zarce sosai, in ya yi yawa ba zai kama ba sam. Lemon tsami biyu, sai ya huce za ki matsa.

Ruwan ƙanƙara kuwa shi ke tsinka miki shi, ki bar shi. Zoɓon kansa za ki daskarar a farantin ƙanƙara, ki ajiye kofi ɗaya a firij. Ki markaɗa su tare, kina kunna injin kina kashewa, don in ya daɗe yana juyawa zai narkar da shi.

Ba injin? Ki zuba a faffaɗan tire, ki riƙa kankarewa da cokali mai yatsu duk bayan minti 30 har ya yi warawara. Ki dai fara da zarar an kawo wuta, don wanda ya narke ya sake daskarewa tauri yake yi.