Tambaya da Amsa: Wace na'urar gwajin mota zan saya da ɗan kuɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai shan fetur, irin na hannun nan da ake saukewa a Duwala daga Beljiyam. Wata uku kenan fitilar injin ta kama taƙi mutuwa, sau biyu ina kaita garaji a sa mata valis, wato kwamfutar gwajin mota, kowane zuwa dubu biyar na sefa, su goge fitilar in tafi, bayan kwana biyu ta dawo. Wani yace min akwai ƙaramar na'ura da mutum zai gwada motarsa da kansa a gida. Inada tsohuwar laftof da waya Android. Dan Allah wacce zan saya?
Mai karatu daga Garwa

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya aka faɗa maka, kuma kayi sa'a da shekarar motarka. Tsarin da waɗannan na'urori ke magana dashi sunansa OBD2, Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai kuma tun 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gazuwal wato dizal, toh kaga Corollarka ta shiga ciki. Leƙa ƙasan sitiyari wajen gwiwarka zaka ga wani soket mai ramuka 16, nan ne bakin. Masu tsohuwar Carina E kuwa suyi haƙuri kada su ɓata kuɗinsu, yawancinsu sun girmi tsarin.

Abinda zan ce ka saya shine ɗan ƙaramin nan da ake kira ELM327 mai Bluetooth, bai fi akwatin ashana biyu ba, ka cusa shi a soket ɗin, ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner a wayarka, shikenan ka ajiye laftof tukunna. Mai iPhone shi sai ya nemi na Wi-Fi ko wanda aka rubuta BLE, dan na Bluetooth ɗin gama-gari baya haɗuwa da ita. Amma fa ka sani kusan duk wanda ke kasuwa kwaikwayo ne daga Sin, asalin kamfanin na Kanada ne kuma ya rufe tun 2022, kuma kwaikwayon ma suna suka tara, waɗanda aka rubuta v2.1 a jikinsu sun fi bada ciwon kai musamman ga motocin da suka girmi 2008 irin taka, ni na fi yarda da v1.5 mai cip ɗin PIC18F25K80. Tunda rubutun kwali ba shaida bane, kaje shagon da motarka, ka jona a gaban mai kayan, ka tada injin, in kaga juyin injin yana motsi a waya sanda ka taka totur, zafin ruwa kuma yana hawa a hankali zuwa wajen digiri 90, toh biya. In yace ba gwaji, bar masa kayansa.

Yanzu ga inda nafi so ka tsaya, dan nan ne ake cutar mutane har su ma su koma cutar kansu. Na'urar bata gyara komai, kuma bata cewa ga abinda ya lalace, lamba kawai take baka. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta, to buji ne wato fulogi, ko bobin mai bashi wuta, ko injekta mai fesa mai? Wannan sai hannu ya bincika, misali ka musanya bobin na ɗaya da na biyu, in lambar ta koma P0302 ka kama ɓarawon. P0171 kuma iska tayi yawa mai yayi kaɗan, kuma a wajenmu nan da ƙurar hunturu da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da muke ɗurawa a kwalba bakin hanya, sau da yawa sansar iska ce ta toshe da datti ko filtar mai ko wani tiyo ya tsage, ba sai an sayi sabon kaya ba. P0420 maganar katalis ce, wato matatar hayaƙi dake cikin salansa, in an taɓa fasa shi an cire to lambar zata dinga dawowa ko sau ɗari ka goge. Abinda akayi maka a garaji kenan, an kashe fitila ba'a taɓa ciwon ba, kuma wallahi abin yana ɓata min rai, dan ko lambar basu rubuta maka ba. Kai ka rubuta taka a takarda kafin ka goge, kaje wa makanikenka da ita. In kuma fitilar ta fara ƙiftawa maimakon tsayawa cak, kada ka cigaba da gudu, faka.

Shi wannan ELM327 ɗin, injin kaɗai yake karantawa, birkin ABS da jakar iska yawanci baya ganinsu. Ranar da ka buƙaci wannan sai laftof ɗinka tayi amfani, da kebul ɗin Mini VCI da manhajar Techstream ta Toyota, amma kada ka taɓa saitin da baka gane ba. Kuma in ka gama ka zare shi, soket ɗin nada wuta ko makulli na aljihunka, in mota ta daɗe a ajiye zai iya shanye batir.

TAMBAYA: Malam wannan ELM327 ɗin zai yi a tirelar da muke jigila da ita daga Ngaundere zuwa Njamena?
Direba daga Kusuri

AMSA: A'a Alhaji, kada ma a gwada. Manyan motoci wutar volt 24 suke amfani da ita, shi kuma na 12 ne, zai iya ƙonewa nan take, kuma yaren kwamfutarsu ma daban ne. Sai dai ka nemi na'urar da akayi takanas dan manyan motoci, ita kuma da tsada, gara ku haɗa kuɗi ku 'yan tasha ɗaya ku saya.