Amsar kakanka kan maganar dara

Jikana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini daga waya, na sa ta maimaita, don da farko na zaci tsokana ce irin ta jika da kaka. Wai aikinka na kammala karatu a jami'ar Aliero shi ne ka koya wa kwamfuta darar Turawa, wadda kuke kira ces, ka kuma auna ko tana datse rassan lissafi yadda ya kamata. Sai ka tambaye ni me ya sa tsofaffi ke hana yaro daɗewa yana ƙirge a kan dara, kuma me ya sa ake hana ɗan kallo magana. Na yi dariya har da tari. Wasan da aka zane ni a kansa saboda ya sa na makara zuwa makarantar allo, yau shi ake ba mutum digiri a kai. Amma da dare na kasa barci, ina tunanin ko ubanka ya san kuɗin makarantarsa wasa yake saya.

Lissafin da ka turo na zauna na bi shi da fensir, ka san shekara talatin na yi ina koyar da shi. Ka ce a ces mutum na da zaɓi kusan 35 a kowane taku. To taku huɗu a gaba ya zama 35 sau 35 sau 35 sau 35, wato 1,500,625. Ka ce da dabarar nan ta alfa-beta, wadda ke sa kwamfuta ta bar duba takun da ba zai amfane ta ba, in an dace an fara duba mafi kyawun taku a kowane mataki, abin zai sauko zuwa 2,449, kuma amsar ba za ta canja ba. Na gwada, haka yake. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan "in an dace". In ka fara da takun banza, ba ka da mizanin da za ka yar da sauran, sai ka koma ƙirga kusan komai. Baffana bai taɓa jin sunan masanan nan Knuth da Moore da ka ce sun yi wannan bayani a 1975 ba, amma yakan ce mana, "Fara duba inda ake ci, sauran gidajen su jira." Shi ya sa yake ƙwace tsinke daga hannun yaron da ya daɗe yana motsa baki. A wurinsa mai ƙirga kowane gida bai san gidan da ke da nama ba.

Yana da wata magana kuma. Yakan ce, "Ka ɗauka ka ba shi taku kyauta. In bai iya yi maka komai ba, ɗauke idonka daga wannan gefen." Da na ga ka rubuta cewa manhajojinku ma haka suke yi, suna yin kamar sun bar takunsu don su gajarta bincike, sai 1970 ta dawo mini, shekarar da aka gama yaƙin basasa.

Lokacin bikin kamun kifi ne, Argungu ta cika ta batse. Da la'asar, bayan an watse daga kogin Matan Fada, Baffa ya tona gidajensa talatin a gindin tsamiya, shida-shida layi biyar. Babu wanda ya ci shi a unguwarmu tun ina ƙarami. Sai ga wani dattijo Badakkare daga Zuru, ya ajiye buhunsa ya tsuguna. Baffa ya ɗauki tsinkaye goma sha biyu, baƙon ya tsinci tsakuwa. Suka shuka 'ya'ya ba wanda ya ce uffan. Da aka fara tafiya Baffa ya jera uku ya ci ɗaya, ya sake ci, ya sake. Mutane suka fara murmushi. Baƙon kuwa sai tura tsakuwarsa yake wasu gidaje da ba ci ba kariya, kamar mai kora awaki. Na ga Baffa ya dubi kusurwar hagu sau ɗaya, ya ga ko an ba mutumin taku biyu ba abin da zai yi, saboda akwai tsinke guda da ya toshe masa hanya, bai ƙara kallon wurin ba.

Ni ina tsaye bayansa da butar alwala, na gani. Tsinkayen Baffa duk an matse su ɗaya bayan ɗaya, ba gidan matsawa, saura wannan mai tsaron kusurwa kaɗai. A dara ba a cewa na yafe takuna. Bakina ya buɗe, wani tsoho ya danna mini yatsa a ƙeya, na haɗiye. Takun Baffa ya zo. Ya daɗe, shi da ba ya daɗewa, goron da ke bakinsa ma ya daina taunawa. Da hannunsa ya cire mai gadin. Baƙon ya hau doki, ya matsa nan ya jera uku, ya koma can ya jera uku, kowane taku da ci, har tsinkaye suka ƙare. Baffa ya share gidajen da tafin hannu, ya miƙa masa goro, ya ce dara ta ci gida. A hanyar masallaci ya ce da ni, "Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare." Bai tambaye ni ko na gani ba, ni ma ban faɗa ba har ya rasu, kuma har yau ban san ko na kyauta ba.

To ka ga damuwata da jadawalinka. Ka cika shi da yawan wuraren da kwamfuta ta duba da sakan nawa ta ɗauka kafin ta kai zurfin taku goma, kana murna adadi ya ragu. Alfa-beta ba ta yar da abin da zai canja amsa, wannan na yarda. Amma waccan ta barin taku caca ce, kuma daidai inda ta kayar da Baffa nan take kayar da inji, lokacin da 'ya'ya suka ragu, motsi kansa ya zama masifa. Kai da bakinka ka ce masu manhajar ces ta Stockfish ba sa karɓar gyara sai sun sa sabuwa da tsohuwa sun kara dubban wasanni. Kai nawa ka buga? Ku 'yan yanzu kuna son a ce an gama kafin shayi ya huce. Ko kwamfutar Deep Blue da ta ci Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, a 1997, tana duba wurare miliyan 200 a sakan, sai da ta zauna wasa shida da shi kafin duniya ta yarda.

Maganar ɗan kallo kuwa, bari sai ka zo. Yanzu yara a bakin tasha kowa na ihu yana nuna gida da yatsa, har da mai ɗauka a waya, ni na daina tsayawa. In ka taho hutun Sallah ka zo da kwamfutar, zan sa a share gindin darbejiya. Ka kuma tuna wa uwarka maganin idon da ta ce za ta aiko, don gidajen layin ƙarshe sun fara haɗe mini.