Shin likitoci za su iya kai mutum shekara 150?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne likitoci sun kusa gano yadda za su sabunta jikin da ya tsufa har mutum ya kai shekara 150. Gaskiya da sauran tafiya. Wadda aka tabbatar ta fi kowa daɗewa a duniya ita ce Jeanne Calment 'yar Faransa, ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Amma an yi aiki na gaske. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya cusa ƙwayoyin gado huɗu cikin ƙwayar halittar jikin ɓera, sai ta koma tamkar ta ɗan tayi, wadda za ta iya zama kowane irin nama. Ya samu kyautar Nobel a 2012.

A irin wannan aiki na gyara ƙwayoyin jiki, ni dai cutar sikila ce ke tsaya min a rai. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana matsa wa yaro ƙafa, yaron na kuka saboda ciwon ƙashi, ya san nauyinta. Dashen ɓargo yana iya warkar da ita, kuma a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, inda ake gyara ƙwayoyin da ke samar da jinin majinyacin a mayar masa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Wa zai biya wannan a Kano ko Damagaram?

Tsawon rai ma yana da nasa kaya. A Japan kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65, har ka tarar da tsohuwa tana jinyar mahaifiyarta.