Malama, ni ma ajin 5e ya taɓa sa ni zufa a kan wannan darasin

Wa alaikumus salam Malama. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na yi dariya ni kaɗai, wato kin ce yaranki sun haddace first, then, next, finally amma in kika ce su bayyana yadda ake yin wani abu daki-daki da Ingilishi sai su yi tsit. Ai ciwon nan namu ne duka.

Shekarata ta biyu da fara koyarwa a nan Garwa ta Kamaru, ina vakater, wato malamin wucin gadi, aji 5e, wato shekara ta biyu a sakandare, yara sun haura 90, watan Maris ne kin dai san zafinmu, kwano kamar zai narke. Ranar aka turo mana mai duba malamai. Sati guda na yi ina cika allo da kalmomin nan, yara sun kwafa tsaf. Na ta da yaron da na fi ji da shi na ce ya faɗa mana yadda ake dafa shayi, sai ya ce to put the water, after to put the sugar, ya tsaya nan. Na ta da wata ta kalli ƙasa. Mutumin nan bai jira mun fita ba, a gaban yarana ya karɓi allin daga hannuna ya ce da Faransanci wai ni ne ban iya ba, ya tambaye ni inda na yi karatu. A gaban yara fa Malama! Su da suke ce min monsieur suna miƙewa in na shigo. Shi kuma da ya karɓi allin me ya yi, ya sake rubuta kalmomi huɗun nan ya ja musu layi, ya sa hannu a takarda ya shiga mota ya tafi, ni ya bar ni da kunya da albashin wata uku da ba a biya ni ba. Har yau in na hango shi a kasuwa hanya nake sakewa, Allah ya yafe mini.

To daga baya ne na gane yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Faransanci yake juyawa, don a littafinsu ana rubuta mettre, ajouter, wato to put, to add, shi ya sa yake manna to a gaba. Kuma après yake mayarwa after shi kaɗai, alhali after that ake so. Masu tunani da Hausa ko Fulatanci su kuma you put za ki ji, saboda mu “sai ka zuba” muke cewa. Ki nuna musu aikatau tsirara ake farawa da shi, put, wash, cut, in hani ne a sa don't a gaba, shi ke nan. Af, ki kula da pour, wallahi rabin aji “domin” suke ɗaukarsa saboda Faransanci, sai da na zuba ruwa a kofi a gabansu sannan ya zauna.

Abin da ya cece ni buta ce. Na zo da buta da kofi da cokali, na ce su ba ni umarni ni kuma zan yi daidai abin da aka faɗa, ba ƙari. Wani ya ce pour the water bai ce in buɗe murfi ba, na karkata buta a rufe, aji ya tuntsire da dariya, can baya wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ƙwala first open it! Kin ga first ɗin ya fito da kansa don an buƙace shi. Ki bar su su fara faɗa da yarensu tukun, kar ki ji tsoron wai an hana, minti biyu ne. Alwala ma tana aiki sosai don kowa ya san ba a wanke ƙafa kafin fuska, amma in kina da yara Kiristoci ki ba su wanke hannu ko ɗaure takalmi kar su ji an ware su.

Manya na 3e, wato shekara ta huɗu a sakandare, masu shirin jarrabawar BEPC shayi bai dame su ba, su kuɗi ne. Na ce su koya wa kakarsu tura kuɗi ta waya, daga danna *126# na MTN ko #150# na Orange har sa lambar sirri, har gardama suka yi kan wanne ke zuwa kafin wanne. Ki yanka matakan a ƙananan takardu ki cakuɗa, kowane benci ya jera nasa, da yara 90 ba yadda za ki ji bakin kowa. Awa 3 a sati ai ba ta isa komai ba, ga shi ana so ka gama manhaja, ga littafi benci ɗaya ne ke da shi cikin biyar, wannan ma wata maganar ce.

Kar ki tsaya gyara lafazi ranar farko, in kika katse yaro sau biyu ya rufe baki har ƙarshen zango. Matakai 4 sun isa da farko. Kuma ki sa tsumma a jaka, ni ranar farko ruwan butar nan a kan rajistan aji ya ƙare.