Shin tsofaffin Dad's Army ne suka hana Hitila shiga Ingila?

Tambaya: Malam, ƙanena ya daɗe yana kallon wasan barkwancin nan na BBC mai suna Dad's Army, yanzu ya kafe a kan cewa tsofaffi masu sanduna ne suka tsare Ingila daga Hitila, saboda haka ɗan sa-kai ba ya buƙatar horo ko izinin hukuma. Hankalina ya tashi, domin yana neman shiga irin wannan aiki. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Kana da dalilin damuwa, Malam. Jimmy Perry da David Croft ne suka rubuta wasan, aka nuna shi a talabijin daga 1968 zuwa 1977 cikin kashi 80, aka kuma mayar da mafi yawansa wasan rediyo. Labarin wasan a kan rundunar tsaron gida ta Birtaniya (Home Guard) yake, wato 'yan sa-kai na lokacin yaƙin duniya na biyu. Perry ya shiga wannan runduna tun yana matashi, shi ya sa wasan yake da ƙanshin gaskiya, amma garin Walmington-on-Sea da Kyaftin Mainwaring manajan banki da Kofur Jones mahauci duk ƙirƙira ce don a yi dariya.

Abin da ke ba ni haushi, kuma kusan kullum sai na ji shi daga bakin masu karanta tarihi a guntun bidiyon Facebook, shi ne cewa wai waɗannan mutane sun kori Jamusawa. Ba su taɓa gwabzawa da sojojin mamaya ba, domin mamayar ba ta zo ba. Hitila ya jingine shirin tsallako teku a watan Satumba na 1940 bayan ya kasa murƙushe sojojin saman Birtaniya, ga kuma jiragen ruwanta na yaƙi sun tare mashigin tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila.

Sa'an nan ba gayya ce ta unguwa ba. Ministan yaƙi Anthony Eden ne ya yi shela a rediyo ranar 14 ga Mayu 1940, yana neman maza daga shekara 17 zuwa 65 su rubuta sunayensu a ofishin 'yan sanda. Gaskiya ne a makonnin farko wasu sun yi fareti da sandar tsintsiya da bindigar harbin tsuntsu, da ƙyalle a damtse maimakon kaki, kuma nan ne wasan ya samo abin dariyarsa. Amma rundunar tana ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi, aka shigo mata da bindigogi daga Amurka, aka ba ta horo da muƙamai, har daga 1942 aka fara tilasta wa mutane shiga, wasu kuma suka koma harba manyan bindigogin kakkaɓo jirage. Yawansu ya wuce miliyan ɗaya da rabi, kuma ba duka ne tsofaffi ba. Akwai samari da ma'aikatan masana'antu da aikinsu ya hana a kai su fagen daga.

Ga abin da wasan bai tsaya a kansa ba, wanda nake so ka faɗa wa ƙanenka. A 1940, kafin horo ya kankama, 'yan wannan runduna sun harbe 'yan ƙasarsu a shingayen hanya da dare, direbobin da ba su ji an ce su tsaya ba saboda ƙarar inji. Su kansu 'yan rundunar, fiye da 1,200 ne suka mutu a bakin aiki kafin a sallame su a watan Disamba na 1944.